Katekisma a Cikin Waya: Tambayoyin da Iyaye Kiristoci na Arewacin Kamaru Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye masu jin Hausa a Garwa, Marwa, Mokolo, Mora da Ngaundere, musamman masu shirya 'ya'yansu domin baftisma, tabbatarwa ko karɓar Jibin Ubangiji na farko. Wasu amsoshin na waya ne da kayanta, amma mafi yawansu na tsakar gida ne, bayan an ci tuwon dare.

Me ake nufi da katekisma ta waya?

Katekisma taƙaitacciyar koyarwar bangaskiya ce da aka tsara ta tambaya da amsa, don a haddace kuma a gane. A waya iri uku take zuwa: manhajar da ake saukewa daga Play Store, littafi a fayil ɗin PDF, da murya da aka naɗa. A gidajenmu murya ta fi sauran biyun amfani nesa ba kusa ba, domin tana shiga ƙaramar waya, tana shiga rediyo mai katin memori, kuma kaka da ba ta yi boko ba tana iya bin ta.

Akwai su da yawa. Wacce za mu sauke?

Ta ikilisiyarku. Kada ku fara da bincike a intanet, ku fara da fasto, fada ko katekis (malamin katekisma na coci), ku tambaye shi littafin da ake koyarwa da shi a ajin coci.

Idan ku 'yan Lutheran ne, na EELC mai hedikwata a Ngaundere ko na EFLC, tushenku Ƙaramar Katekisma ce ta Martin Luther, ta shekarar 1529. Sassanta shida ne: Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, Addu'ar Ubangiji, Baftisma, Furta Zunubi, da Jibin Ubangiji. A kan sassan Luther ya rubuta cewa haka maigida zai koya wa mutanen gidansa a sauƙaƙe. Tun asali don gida aka yi ta.

'Yan Katolika na dayosis ɗin Garwa, Marwa-Mokolo, Yagwa da Ngaundere suna da babbar Katekisma ta 1992, mai sakin layi 2865. Wannan ta manya ce da malamai, ba a zaunar da ɗan shekara tara a kanta. An taƙaita ta a 2005 cikin tambayoyi 598, aka kuma fitar da YOUCAT don matasa a 2011. Da babbar da taƙaitacciyar duka suna nan da Faransanci a shafin Fadar Vatican. Ga yara ƙanana kuwa, ɗan littafin da katekis ke riƙe da shi a cocinku shi ne abin bi.

Wasu majami'un suna amfani da ta Heidelberg (1563, tambayoyi 129 da aka raba wa Lahadi 52) ko Gajeriyar Westminster (1647, tambayoyi 107). Akwai kuma New City Catechism ta 2012, mai tambayoyi 52, wadda manhajarta kyauta ce, da gajerun amsoshi da waƙoƙi don yara, sai dai da Turanci aka rubuta ta.

Dalilin da ya sa muka nace kan ta ikilisiyarku shi ne baftisma da Jibin Ubangiji. Katolika da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, Heidelberg da Westminster ma haka suke koyarwa. 'Yan Baftis da 'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), waɗanda da yawansu suka shigo daga ƙasar Gwoza suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013, sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. Uba ɗan EYN da ya sauke katekisma ta Luther don ya same ta da sauƙi zai koya wa ɗansa abin da fastonsa zai warware ranar Lahadi, yaron ne kuma zai rasa wa zai bi.

Ɗana ya ce "Ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka" doka ta huɗu ce, waya ta ce ta biyar. Wa ya yi kuskure?

Babu wanda ya yi, Baba. Fitowa 20 da Maimaitawar Shari'a 5 ba su sa wa dokokin lamba ba, ikilisiyoyi ne suka ƙirga, kuma ƙirgar iri biyu ce. Katolika da Lutheran sun haɗa hanin bautar waɗansu alloli da hanin gumaka a doka ta farko, suka raba hanin ƙyashi gida biyu, ta tara da ta goma. A wurinsu girmama iyaye ta huɗu ce, hanin kisa ta biyar. Masu bin Heidelberg da Westminster, da Baftis da yawancin majami'un bishara, sun ware gumaka a doka ta biyu, ƙyashi duka ya zama ta goma, don haka girmama iyaye ta koma ta biyar. Dokokin dai su ne, ba a rage ko ɗaya ba. Amma a gwajin tabbatarwa da lamba ake tambaya, saboda haka ku bi ƙirgar cocinku, ku kuma nuna wa manyan yara nassin da kansa su ga inda rabon ya faɗa.

Irin wannan bambanci yana cikin Shaidar Bangaskiya ma. Da Faransanci 'yan Katolika suna cewa ikilisiya "catholique", Furotesta suna cewa "universelle", ma'anar kuwa ɗaya ce: ta dukan duniya.

Muna Hausa a gida, coci Fulatanci, makaranta Faransanci. Da wanne za mu koyar?

Ku raba aikin biyu. Hadda a yi ta da harshen da za a tambayi yaro da shi a coci. Bayani kuwa a yi shi da harshen da uwa take yi masa faɗa da shi, ko Hausa ne, ko Mafa, ko Tupuri, ko Gbaya. Yaro yana iya zubo amsa da Faransanci ba tuntuɓe, alhali bai san abin da "grâce" take nufi ba, sai an ce masa alheri ne, abin da Allah ya ba ka ba don ka cancanta ba.

Abin da bai kamata ba shi ne sauya kalmomin hadda. Luther ya gargaɗi malamai a gabatarwar littafinsa cewa su zaɓi lafazi ɗaya su tsaya a kai shekara da shekaru, domin yara suna ruɗewa in an koya musu haka yau, gobe a canza. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a zamanin waya. A manhaja kamar YouVersion za ku tarar da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa fiye da ɗaya, kuma lafazin tsohuwar fassara ta 1932 ba ɗaya yake da na sababbi ba. Ku duba wadda ake karantawa a kan bagade a cocinku, ku sauke ita kaɗai, ku haddace ayoyi daga cikinta.

Manhajojin da muka gani Turanci ne da Faransanci. Yaya za mu sami ta Hausa?

Hanya mafi tabbas ita ce ku naɗa da kanku daga littafin coci, da izinin fasto ko fada. Iyalai biyar ko shida, ko ƙungiyar zumuntar mata, suna iya haɗuwa su yi aikin sau ɗaya kowa ya amfana.

A nemi mai karatu da kyau, wanda muryarsa ke fita sarai. A shiga ɗaki da sassafe ko da dare, a kashe fanka, a danna alamar jirgin sama don kada kira ya yanke naɗin. Wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga baki. Kowace tambaya fayil ɗinta daban. Mai karatu ya faɗi lambar tambaya, ya karanta tambayar, ya yi shiru kamar daƙiƙa biyar don mai sauraro ya gwada amsawa, sannan ya karanta amsar gaba ɗaya. Bayan haka ya sake karanta ta gaɓa-gaɓa, yana barin fili bayan kowace gaɓa don a maimaita. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa.

Wajen sa suna ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Ku rubuta 01, 02, 03, ba 1, 2, 3 ba, in kuma tambayoyin sun haura 99 ku fara da 001. In ba haka ba na'ura za ta jera 1, 10, 11, 12 kafin ta zo kan 2, darasi ya hargitse.

Sai nau'in fayil. Saƙon murya na WhatsApp nau'in opus ne, abin naɗin murya na wayoyi da yawa kuma m4a ko amr yake ajiyewa. Ƙananan rediyoyi da wayoyi masu maɓalli galibi MP3 suka sani. A juya fayilolin zuwa MP3 da manhajar juya sauti, ko a kai wa masu saka waƙoƙi a kasuwa su juya. A ingancin 64 kbps minti ɗaya yana cin kusan rabin mega, ke nan darussa 52 masu minti biyu-biyu ba su wuce mega 50 da 'yan kai ba. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, don sunan fayil da lambarsa su tsira. Kafin a raba wa kowa, fasto ko katekis ya saurara daga farko har ƙarshe da littafi a hannu. Kalma ɗaya da aka tsallake, in ta shiga gidaje ashirin, cire ta daga bakin yara aiki ne.

Ni ban yi makaranta ba, wayata ma ƙarama ce. Wannan abu ya shafe ni?

Ke ya fi shafa, Mama. A sa miki darussan a katin memori, ki saka a wayarki ko a rediyo. Ki saurari tambayar mako ke kaɗai sau uku ko huɗu kina aikin gida, da dare kuma ke ce za ki yi wa yara tambayar da bakinki. In akwai ɗan makaranta a gidan, shi ya karanta ayar, amma jagorar zaman ke ce. Bulus da ya yabi bangaskiyar Timoti, sunan kakarsa da na uwarsa ya kira (2 Timoti 1:5).

Katin kada ya wuce giga 32, domin ƙananan rediyoyi da yawa ba sa karanta mai giga 64. Na giga 2 ko 4 ma ya wadatar. Ki yi hankali da kati mai arha da ke nuna girma da yawa: irinsa yana karɓar fayil kamar lafiya, bayan kwana biyu ya ƙi buɗewa. A gwada fayil na farko, na tsakiya da na ƙarshe tun a gaban mai sayarwa.

Yaya zaman darasin zai kasance?

Minti goma zuwa sha biyar, a lokaci ɗaya kullum. Mai jagora ya riga ya duba tambayar kafin a zauna. A buɗe da gajeriyar addu'a ko baiti ɗaya na waƙar sujada. A tambayi ta makon jiya da wata tsohuwa guda, ba a duba waya ba. Sannan a kunna sabuwar sau biyu, a kife wayar a ƙasa. Daga nan sauran aikin na baki ne: uba ko uwa su yi tambaya, kowa ya amsa tare, sannan ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, don ƙaramin ya ji ta sau da yawa kafin layi ya zo kansa. A karanta aya ɗaya da amsar ta dogara a kai. A yi tambaya ɗaya ta rayuwa: in ana kan hanin shaidar zur, a ce, "Da aka fasa tulu kuka ce ƙaninku ne, wace doka aka taka?" A rufe da Addu'ar Ubangiji.

Kife wayar ba ƙaramin abu ba ne. Muddin fuskarta tana haske, idon yara yana kanta, ba ya kan mai magana. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce maganar ta fara zama a zuciyar iyaye, sannan su koya wa 'ya'yansu a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Waya rumbu ce kawai, hatsin da ke ciki ba ya ƙosar da kowa sai an ɗebo an dafa.

Tambaya nawa a mako?

Ɗaya, in amsar doguwa ce. Biyu in gajeru ne, da haka Westminster za ta ƙare cikin shekara da 'yan makonni, ban da makonnin bita. Kowane mako na huɗu kada a ɗauki sabuwa, a yi bita kawai. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida, Addu'ar Ubangiji da addu'ar cin abinci da amsoshi masu jimla ɗaya sun ishe shi. Daga bakwai zuwa sha ɗaya ne lokacin hadda sosai. Daga sha biyu sai a rage yawan maimaici, a ƙara muhawara da neman ayoyi. Ku rubuta tambayar mako da manyan baƙaƙe a takarda ku manna a bango. Katekismar Luther ma a manyan takardun bango ta fara fita kafin ta zama littafi.

In ba yaro wayar ya koya da kansa?

Ƙaramin yaro a'a. Babba mai shirin tabbatarwa ana iya ba shi na ɗan lokaci, a inda ake ganinsa, da data a kashe. A saitin tsaro na wayoyin Android akwai hanyar kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, ba a fita sai da lambar sirri. Ku sa wanda ya sani ya kunna muku. Mafi sauƙi dai a zuba masa muryoyin a rediyo.

Ku lura da manhajojin kyauta masu talla. Wasu suna ɗauko tallar caca ko hotunan da ba su dace ba a tsakiyar darasi, kuma tallar ta intanet take zuwa, in an kashe data yawanci ba ta fitowa. Manhajar katekisma da ta nemi izinin karanta saƙonninku ko lambobin mutanenku, ku ƙi, ku goge ta. Ba ta da aiki da su, kuma a wayar nan kuɗinku na MoMo ko Orange Money suke. Haka ma manhajar da wani ya turo ta Xender ba ku san asalinta ba.

Rezo (sabis ɗin waya) ba ya zama, wuta ma haka.

Ku sauke komai sau ɗaya in kun shiga gari, ku danna alamar jirgin sama, ku buɗe ku gani ko yana aiki. Wasu manhajojin rubutunsu yana cikin waya amma muryarsu sai da intanet, ba kwa ganewa sai kun koma ƙauye. Murya da fuskar waya a kashe ba ta cin batir sosai, fitilar sola mai ramin caji ta isa ta riƙe ta. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, kada a bar waya tana caji a rana ko ƙarƙashin matashi, batir yana kumbura. Da hunturu ƙura tana toshe sifika da ramin caji, busasshen buroshin haƙori yana fitar da ita. Kwafin darussan ya kasance a wuri biyu aƙalla, domin manhajojin share datti suna goge abin da ya zo ta WhatsApp, waya kuma tana ɓata.

Wasu haruffa suna fitowa kamar akwati, in na nemi kalma kuma ba ta fitowa.

Haruffa masu lanƙwasa ne, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda tsofaffin wayoyi da wasu salon rubutu ba su sani ba. Ku mayar da salon rubutun wayar na asali, ko ku karɓi fayil ɗin a PDF. Wajen bincike, "kauna" ba lallai ta kai ku ga "ƙauna" ba. Ku ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard, ko ku nemi guntun kalmar, "auna". In PDF ɗin hoton shafuka ne aka ɗauka, bincike ba zai yi aiki ba sam, sai ku bi lambar shafi.

Ta yaya zan san fayil ɗin da aka turo mini sahihi ne?

Ku duba shafin farko: wace ikilisiya ko maɗaba'a ta fitar, a wace shekara. Wanda ba shi da ko ɗaya, ku kai wa fasto kafin ya isa kunnen yara. Shekara tana da muhimmanci. A 2017 aka sauya lafazin roƙo na shida a Addu'ar Ubangiji ta Faransanci, daga "ne nous soumets pas à la tentation" zuwa "ne nous laisse pas entrer en tentation". A 2018 Fafaroma Francis ya sabunta sakin layi na 2267 na Katekismar Katolika, kan hukuncin kisa. Tsofaffin fayiloli suna yawo da tsohon lafazi.

Ku san kuma cewa Shaidun Jehobah suna da littattafai da bidiyon yara masu yawa da Hausa, an tsara su da kyau, suna fitowa da wuri in an yi bincike. Ba su yarda da Triniti ba, wato Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba su kuma ɗauki Yesu daidai da Uba ba. Iyayen da ke furta Shaidar Bangaskiya kowace Lahadi su san abin da suke saukewa.

Fassarar na'ura kada ta shiga hadda ko kaɗan. Tana taimakon babba ya gane jimlar Faransanci, amma kalmomi irin su barata, tsarkakewa, fansa da tarayyar tsarkaka suna da lafazin da ikilisiya ta daɗe da tsayarwa, na'ura kuwa takan kawo wata kalma mai kama da ita da ke nufin wani abu. Manhajojin da ake yi wa tambaya su amsa ma sukan jingina wa aya abin da ba ya cikinta. Duk ayar da suka kawo, a buɗe Littafi Mai Tsarki a gani.

Yarana sun haddace, amma ban ga alamar sun gane ba.

Haka ake farawa, kada ka karaya, ɗan'uwa. Tsarin Luther shi ne kalmomi tukuna, sannan ma'ana, sannan faɗaɗawa. Gwajin fahimta uku ne: ya faɗi amsar da wani harshe ba na haddar ba, ya ba da misali daga gida ko makaranta, ya koya wa ƙaninsa. In ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ku rubuta ku kai wa katekis ranar Lahadi, ku kuma tabbata kun kai. Duka da tsawa a kan hadda kuwa ku bar su. Afisawa 6:4, ayar da ta umarci ubanni su goyi 'ya'yansu cikin horon Ubangiji, ita ce ta fara da cewa kada su tsokane su su yi fushi.

Gidanmu haɗe yake da 'yan'uwa Musulmi. Yaya za mu yi?

Wannan halin gidaje da yawa ne a Garwa, Marwa da Kuseri, kuma zumunci abin kiyayewa ne. Ku zaɓi lokacin da bai ci karo da sallar magariba ko isha'i ba, ku yi a ɗakinku, sauti daidai kunnen waɗanda ke zaune. Kada ku tura darussa a zauren WhatsApp na dangi baki ɗaya. Ɗan maƙwabci in ya zo ya zauna, kada a kore shi da wulaƙanci, amma kada a sa shi hadda ba da sanin iyayensa ba, kamar yadda ku ma ba za ku so a yi wa naku ba. Ku koya wa yaranku cewa amsar da suka haddace ta bayyana bangaskiyarsu ce in an tambaye su cikin ladabi, ba ta gardama da tsokana a hanyar makaranta ba. Inda miji da mata addininsu daban, a yi maganar a fili tsakaninsu, da shawarar fasto ko fada, kafin a fara.

In muna yi a gida, sai mun tura su ajin coci kuma?

Sai kun tura. Ikilisiya ce ke gwada yaro, ita ke yin baftisma da tabbatarwa, sunansa kuma sai ya shiga rajistar aji. Ku karɓi jadawalin katekis tun a Satumba da ake komawa makaranta, ku daidaita tambayar gida da ta aji, ko ku riga shi da mako ɗaya. Da damina, da lokacin dashen masakuwa da tsinkar auduga, in gajiya ta hana zama, kada ku ɗauki sabuwar tambaya. Ku tafi da rediyon gona, a kunna tsofaffin darussa lokacin hutun rana, a ci gaba da sababbi bayan an gama girbi.